Hannun Yaya a Wayar Zakara

Ranar da Zakara ya zo da maganar aurena karo na uku, ina tsugune a tsakar gida ina wanke rigar aikin Yaya. Na san za ku ce me ya kai ni wanke rigar mamaci. Ni ma ban sani ba. Tun da ya rasu take rataye a bayan ƙofar ɗakinsa, ƙura ta hau kafaɗunta, sai na ga kamar shi ne ya yi datti aka rasa mai kula da shi.

Ga wanda bai san mu ba, mu biyu Umma ta haifa, Yaya da ni, shi ya sa har yau kowa Auta yake ce mini, duk da na girma ina ɗinki ina ciyar da kaina. Yaya direba ne a kamfanin kai kaya gida-gida, irin wanda za ka sayi abu ta waya a kawo maka har ƙofa cikin kwali. A kamfanin akwai abin da suke kira adadi, wato yawan kwalayen da dole direba ya sauke kafin rana ta faɗi. Ka gaza, a yi maka gargaɗi. Ka sake gazawa, a dakatar da kai, ka miƙa wayar aiki da makullin mota ka koma gida. Adadin nan kuwa kamar yaro ne mai cin abinci, kullum tsawo yake ƙarawa. Duk sanda ƙungiyar direbobi ta je da kuka, manaja sai ya nuna mutum ɗaya ya ce, "Shi wannan hannu huɗu gare shi?"

Mutumin shi ne Zakara. A nan ma ya samo sunan. Abokin Yaya ne tun suna yara, a kwano ɗaya suka ci abinci a gidanmu.

Yaya ya gaza, aka dakatar da shi. Duk da haka kullum da hantsi yakan fita, ya ce mana neman aiki yake, ya dawo da magariba idanunsa jajur. Bayan wasu watanni motar kamfani ta kife da shi a gangaren gada, cike da kwalaye, ya cika kafin a kai shi asibiti. Kamfani ya ce shi ba ma'aikacinsu ba ne a lokacin. Motar Zakara ce, wai Zakara ya tsaya cin abinci ya bar makulli a jiki, Yaya ya shiga ya ja. Ba su ce ɓarawo ba. Unguwa ce ta faɗa musu. Matar maƙwabcinmu, wadda Yaya ya ɗauka a mota tana naƙuda ya kai ta asibiti, ita ce ta riƙe hannuna ranar gaisuwa ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya ɗauka."

Wannan maganar ita nake kwana da ita, ita nake tashi da ita.

Shi kuwa Zakara sai ya zama ɗan gida. Shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti, shi ya kawo mana wayar Yaya ta kansa da gilashinta a tsage. Ba ya zuwa hannu sake. Mutane suna cewa ka ga aboki, an ɗauki motarsa an lalata amma ko a fuska bai nuna ba.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta leƙo tsakar gida ta same ni da kumfa har gwiwar hannu.

"Ke, baƙonki yana falo kina nan kina wanke fatalwa? Tashi ki sa kayan mutane."

"Gwaggo, na ce a ba ni lokaci."

"Lokaci a kasuwa ake sayar da shi? Wa kika ga yana layi a ƙofar gidan nan? Gidan da aka shafa wa baƙin fenti, mutum ya rufe ido ya ce ya ji ya gani, ke kina yanga. In kin ƙi na Allah, ki ji tausayin uwarki."

Na dubi Umma. Tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Tun rasuwar Yaya haka take, in aka ambaci Zakara sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron kirki ne." Daga nan ba ƙari.

Na shanya rigar, na shiga ɗaki na sa doguwar riga ruwan toka wadda na ɗinka wa kaina, na yafa baƙin mayafi. Ko hoda ban shafa ba. Gwaggo ta bi ni da turare tana fesa mini a baya kamar mai korar sauro.

Yana zaune a kujerar da Yaya yake zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Farin yadi ya sa mai guga kamar wuƙa, da agogo mai ruwan zinariya wanda kamfani ya ba shi kyauta. Zakara yana da kyau, ba zan ɓoye muku ba. Yana da irin dariyar da ke sa tsofaffi su ce a ƙara masa abinci.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar masu jan aji."

"Sannu da zuwa. Ya aiki?"

"Aiki sai mu. Ke dai kin rame, Auta. Keken ɗinkin nan yana shan jininki. Bari in ɗauke ki, ki huta."

Na zuba masa ruwa na zauna a can ƙarshen doguwar kujera. Ya yi ta zuba. Ranar Asabar ƙungiya za ta yi babban taro. Tsofaffin direbobi suna son a tafi yajin aiki a kan adadi, shi kuma ya tsaya takarar shugaba, yana cewa a bar yaji, a zauna lafiya da kamfani, adadin ba ya fin ƙarfin namiji.

"Malalata ne kawai," in ji shi. Sai ya tuna gidan da yake zaune, ya gyara murya. "Ban da marigayi. Shi rashin sa'a ne."

Na ce, "Haka ne."

"Abin da nake so, ki zo taron. Ki zauna a gaba kusa da ni. Yaran nan suna son yayanki har yanzu. In suka ga ƙanwarsa a gefena, magana ta ƙare. Kalma biyu kawai za ki faɗa." Ya zaro wayar aiki daga aljihu, ya matso. "Duba nan ki ga wanda za ki aura. Kin ga wannan tauraron? Ni kaɗai ke da shi a duk kamfanin. Wannan kuma tarihin aikina ne, duk kwalin da na sauke yana nan."

A daidai nan wani ya hau danna hon a waje, motarsa ta tare hanya. Ya yi tsaki, ya ajiye mini wayar a cinya.

"Ki more kallo, ina zuwa."

Ban yi niyyar duba komai ba. Yatsana ne kawai ya riƙa turawa sama, don kada in zauna da tunani. Ashe dokar aikinsu ce, duk kwalin da ka kai sai ka ɗauki hotonsa a ƙofar mai shi. Hotuna ne ba iyaka. Kwali a ƙasa gaban jar ƙofa, kwali a kan matakala, kwali kusa da kwandon shara. Ina ta wucewa baya, wata ya bi wata, sai hotunan suka canja. Kwalin ba ya ƙasa. A hannu yake, an ɗaga shi sama gaban ƙofar.

Yaya ba ya ajiye kayan mutane a ƙasa. Ko jakar makarantata bai taɓa yarda ta taɓa ƙasa ba.

Na buɗe hoto ɗaya na ja shi ya girma. Hannun hagu ne. Ƙaramin yatsan a karkace yake, ya leƙa waje kamar mai fushi da 'yan uwansa. Wajen ƙwallo ya karye yana yaro, mai ɗori ya ɗaure shi a gurguje. Yatsan da nake ja in ina son ya saya mini alewa. Na buɗe na gaba, shi ne. Na gaba, shi ne. Da safe kwalaye a ƙasa, daga hantsi har faɗuwar rana kwalaye a hannun Yaya, a wayar Zakara, da sunan Zakara a sama da tauraronsa. Hoto na ƙarshe da yatsan ya fito, ranar da ke rubuce a ƙasansa ita ce ranar da aka kawo mana gawa.

Masu karatu, na ɗauka in ranar gaskiya ta zo ihu zan yi. Ban yi ba. Wani sanyi ne ya sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa. Na ciro wayata na riƙa ɗaukar hoton fuskar wayar tasa. Na kuma ga wasu hannayen a watannin bayan rasuwar, wani baƙi mai zoben azurfa, wani mai tabon ƙuna. Su ma na ɗauka. Da na ji takunsa na mayar da wayar kan tauraron.

Su direbobi lamba suke kallo, manaja ma lamba yake kallo. Shi kansa Zakara ya daɗe da daina ganin akwai hannu a hotunan, shi ya sa ya miƙa mini da kansa.

"To, kin ga aikin maza?"

"Na gani," na ce. "Na ga hannun da ya yi aiki."

Ya yi dariya ya shafa agogonsa. "Asabar fa?"

"Zan zo."

"Maganarmu kuma?"

Na sunkuyar da kai irin yadda ake so mace ta yi. "Bayan taron za ka ji amsa. A gaban kowa ma in kana so."

Ya tashi har yana tuntuɓe da tebur. Ina jin Gwaggo a bayan labule tana cewa alhamdulillahi, don dama kunnenta yana manne a wurin.

Da yamma na sami Umma tana kwashe shanya. Ta sauke rigar Yaya ta riƙe ta a ƙirji, ta daɗe. Na ce, "Umma, in aka ce Yaya bai ɗauki motar nan da kansa ba fa? In ba shi aka yi?"

Ta ninke rigar gida biyu, ta sake ninkewa, har ta koma kamar hankici.

"Auta, ki bar mamaci ya huta."

"Shi ya huta. Mu ne ba mu huta ba."

"Na ce ki bari." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Wayar tana hannuna da hotunan, amma na ce raunin uwa ne, kada in fama mata. Na bari sai na gama aikin in kawo mata sunan ɗanta a wanke.

Saƙonsa ya shigo bayan isha'i. "Amaryata ta ci abinci?" Na rubuta, "Na ƙoshi tun da rana." Ya turo hoton zuciya har uku. Ya ce, "Ki sa kore ranar Asabar, kalar takarata ce." Na ce, "Duk yadda ka ce." Ina rubutawa ina jin ɗaci a harshena kamar na tauna maganin zazzaɓi.

Washegari na tafi neman Baba Sakatare. Shi ne sakataren ƙungiya tun kafin Yaya ya fara aiki, tsoho ne siriri mai furfura a gira, gwiwa ta hana shi tuƙi. Na same shi a benci wajen mai shayi, daura da ƙofar kamfani. Motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya kamar an kunna musu wuta, direbobi suna cin burodi da hannu ɗaya suna murza sitiyari da ɗaya.

"Wa nake gani, ƙanwar marigayi? Zauna, 'yata. An ce kin zama ta gaban motar ɗan takara."

"An ce. Baba, duba wannan."

Ya sa tabarau ya duba hoto na farko. Bai nemi na biyu ba. Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, ya yi ta gogewa, gilashin da ba abin da ya same shi. A nan na gane.

"Ka sani."

"'Yata..."

"Ka sani, Baba. Ka zo gidanmu ka zauna a tabarma ka yi addu'a, ana ce masa ɓarawo a bayan kunnenka."

Ya dubi mai shayi, mai shayi ya matsa can yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

"Waya ɗaya, mota ɗaya, mutum biyu," in ji shi a hankali. "Wani lokaci uku. Akwai wurin wankin mota a bayan kasuwa, a nan ake musanya. Shi ya yi safe, ya miƙa wa wanda aka dakatar, ya je ya kwanta a inuwa. Motar ba ta tsayawa ko na cin abinci. Kamfani ya ga lamba ya ce mutum ɗaya ya yi, sai ya ɗaga adadi. Adadi ya kayar da wasu, waɗanda suka faɗi su je wurinsa neman rabi. Kin ga yadda abin yake cin kansa."

"To me ya hana ku faɗa?"

"In na faɗa, yaran da ke tuƙa masa yanzu fa? Suna da mata da 'ya'ya. Kamfani zai ce sun yi zamba, ba su ba dawowa har abada. Yayanki ya riga ya tafi. Na auna mai rai da mamaci, na zaɓi mai rai. Ban ce na yi daidai ba."

"Da sunan Yaya kuka saya musu abinci."

Bai musa ba. Ya ce, "Ki sani kuma, in kin tona, shi ma marigayin ya karya doka. Ya tuƙa bayan an dakatar da shi."

"A ce ya karya doka. Na yarda. A rubuta a bango ma. Amma bai yi sata ba."

"Ba ni hotunan in kai wa lauyan ƙungiya. A bi a hankali."

"Hankalinku na gani, Baba. Ya kusa shekara yana tafiya bai iso gidanmu ba."

Na miƙe. Ya kira ni, ban juya ba. Ina tafe ina kallon direbobin da ke wucewa, wasu har suna ɗaga mini hannu. Nawa ne a cikinsu suka ɗauki makarar Yaya da wannan maganar a cikinsu? Da na fito gida mutum ɗaya nake nema. Da na koma, na rasa adadinsu.

A ɗaki na buɗe akwatina na ciro wayar Yaya mai tsagaggen gilashi. Nakan sa mata caji lokaci-lokaci don in ji muryarsa a tsofaffin saƙonni. Tun ranar da Zakara ya kawo ta na lura babu saƙo ko ɗaya tsakaninsu, abokai tun yarinta, amma a lokacin hawaye bai bar ni na yi tunani ba. Ya share nasa tas. Abin da bai tuna ba shi ne gurup ɗin direbobi. Ba wanda ya yi ƙarfin halin cire lambar mamaci, tana nan a ciki har yau, ana ta gardamar yajin aiki a kanta. Na tura hotunan daga wayata zuwa tasa, na jera su a gurup ɗin, saura in danna su tafi.

Ranar Asabar na sa kore. Leshi ne da wata ta ba ni ɗinki ta fasa karɓa, na ɗaura ɗankwali ya zauna daram, na sa jan baki, na zizara kwalli. Gwaggo ta zagaye ni tana tafa hannu.

"Ashe da mutum a cikin tsumman nan. Ka ga 'ya. Yau ɗan mutane sai ya manta jawabinsa."

"Zai manta, Gwaggo."

Umma ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta tana kallona. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Ki dawo da wuri."

A wani babban ɗakin taro aka yi, mai rufin kwano da fankoki biyu, ɗaya ba ta juyawa. Kujerun roba cike da maza cikin rigunan aiki masu ruwan lemo, warin zufa da man mota ya cika wurin. Manaja ma ya zo, wai baƙo mai sa ido, yana zaune a gefe da ruwan gora. Baba Sakatare yana kan tebur a gaba. Da ya gan ni cikin kore sai ya kawar da kai.

Zakara ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce yajin aiki yunwa ce da riga. Ya ce shi bai taɓa gaza adadi ba, kuma ba aljani ba ne, tashi da wuri ne da riƙon amana. Wani daga baya ya ce, "A ba mu sirrin mana, Zakara." Aka yi dariya, irin dariyar da rabinta tsoro ne. Sannan ya sassauta murya ya ambaci Yaya, ya ce abokinsa ne, ya yi kuskure amma shi ya yafe masa duniya da lahira.

"Ga ƙanwarsa nan, wadda in Allah ya so ta kusa zama iyalina. Tana da kalma biyu."

Aka yi tafi. Ya miƙo mini makirufo yana murmushi. Na karɓa da hannun dama. Hannun hagu yana cikin jaka a kan wayar Yaya. Na danna.

Wayoyi suka ɗauki ƙara a ɗakin, nan da can, kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Direba ba ya iya ƙin duba waya, aikin ya riga ya hore shi. Na ga kawuna suna sunkuyawa. Na ga wani ya miƙe tsaye ya koma ya zauna. Sunan Yaya ne ya fito musu, da hotonsa yana dariya.

"Ni ban yi karatu mai nisa ba," na ce, muryata tana dawo mini daga bango. "Tambaya ɗaya na zo da ita. Ku da kuka san aikin nan, ku gaya mini. Akwai ɓarawon da zai saci mota, ya bi gida-gida yana kai wa mutane kayansu, yana ɗaukar hoto a ƙofa? Wata da watanni?"



"Wannan yatsan kun san shi. Kun gaisa da shi. Sunan da ke saman hoton ma kun san shi." Na juya wajen Zakara. "Ɗaga hannunka na hagu su gani. Ka ce ba aljani ba ne kai. To ɗaga mu ƙirga, hannu nawa gare ka?"

Murmushin yana nan a fuskarsa, ya bushe a wurin kamar laka. Hannun yana cikin aljihu, bai fito da shi ba. Manaja ya ajiye gorar ruwa, ya karɓi wayar na kusa da shi yana jan hoton da yatsu biyu.

"Auta, ba ki da lafiya," in ji Zakara, yana miƙo hannun dama zai karɓe makirufo. "Baƙin ciki ne, jama'a, ku yi mata uzuri."

Sai kujera ta yi ƙara a can baya. Wani dogo baƙi, ba rigar aiki a jikinsa, ya miƙe ya ɗaga hannu sama. Zoben azurfa yana walƙiya.

"Hoto na bayan nan nawa ne," ya ce. "An dakatar da ni tun bara. Jiya ma ni na yi masa yamma."

Wani ya miƙe kusa da shi, mai tabon ƙuna. Shi ma ya ɗaga hannun. Daga nan ɗakin ya rikice. Masu cewa a sauke adadi, masu cewa yaji daga yau, masu zagin Zakara da uwa da uba, ciki har da waɗanda na tabbata sun daɗe da sani. Baba Sakatare yana buga tebur, hawaye yana bin furfurar gemunsa. Ya karɓi ɗayan makirufo ya faɗi sunan Yaya cikakke, ya ce ƙungiya ta shaida a bakin aiki ya rasu, ba ɓarawo ba ne, kuma shi da bakinsa zai je unguwarmu ya faɗa.

Abin da na zo nema kenan. Na ji shi da kunnena. Na juya ga Zakara don in ba shi amsar da na yi masa alkawari.

"Na ce a gaban kowa. To ga ta. Ko kai kaɗai ka rage a duniya ba zan aure ka ba."

Na zaci zai zage ni, ko ya ɗaga hannu, har na shirya wa marin. Sai ya matso dab da ni, ƙamshin turarensa ya shige mini hanci, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, cikin natsuwa kamar mai ba da kwatancen hanya.

"Kin iya, Auta. Amma ni ban nemi yayanki ba. Shi ma ƙi ya yi da farko, ya ce haramun ne. Je ki tambayi wadda ta zo har ɗakina ta durƙusa, ta riƙe ƙafata ta ce in taimaki ɗanta. Ki tambaye ta wa ya tashe shi ranar, yana kwance da zazzaɓi, aka ce ya daure ya fita kada in ba wani wayar. Ki tambaye ta wa ya ce in bar maganar sata ta zauna, don kada a bi sawu a iso kanta."

Ya gyara agogonsa, ya bi ta ƙofar gefe ya fita, ana jifansa da robar ruwa.

Ni kuma ina tsaye cikin koren leshi, maza suna kewaye ni suna cewa Allah ya yi mini albarka, na wanke ɗan uwana. Jakata ta hau rawa a hammatata. Na zaro wayata. Umma ce. Ta yanke, ta sake kira. Umma da ba ta taɓa kiran mutum sau biyu ba, wai kada kati ya ƙare.

Na ɗauka na kara a kunne, ban yi sallama ba. Ita ma ba ta yi ba. Numfashinta kawai nake ji, da ƙarar fankar ɗakinta.

"Auta," ta ce, "kin riga kin faɗa?"